Tsibirin da Jikata Ta Ce Teku Ta Cinye

Mun tashi da asuba daga unguwar Kusfa a birnin Zariya, ni da jikata, bayan na idar da sallah na juya na sanar da mutanen sahun farko cewa zan yi tafiyar binciken kimiyya, kada a kwana biyu ba a gan ni ba a fara rabon gadona. Liman ya ce Allah ya ba da lafiya, shi a zatonsa gwajin jini za ni. Ban gyara masa ba. Mutumin da ya bar elemantare a aji huɗu, ya ƙare ƙuruciyarsa da tsufansa yana aikin riga da allura, in ya ce za shi bincike ai dole a yi masa addu'ar marasa lafiya.

Bari in faɗi yadda abin ya samo asali, domin masu bin wannan shafi su huta da aiko min da tambaya. Jikata, 'yar babban ɗana da ke zaune a Gyallesu, tana digiri na biyu a fannin taswira. Ba irin wadda malaminmu ke ratayewa a bango yana nuna mana Ikko da bakin bulala ba. Tata daga sama ake ɗauko ta. Akwai tauraron ɗan'adam da ke wucewa ta saman kowace ƙasa da hantsi yana ɗaukar hoto, ita kuma sai ta zauna ta koya wa kwamfuta cewa wannan launi daji ne, wannan gona, wannan ruwa, wannan fili. In kwamfutar ta haddace sai ta ƙarasa sauran da kanta. Ranar da ta buɗe min hoton ta yi ta matso da shi, na ga ashe ƙananan gidaje ne masu kusurwa huɗu a jere, kowane da launinsa, kowane kuma a ƙasa ya kai faɗin tsakar gida. Na ce mata wannan ai aikinmu ne, ƙirga zare muke yi gida-gida har aska takwas ta fito a ƙirjin riga. Bambancin kawai ku ana ba ku digiri, mu ana ba mu ciwon baya.

Wurin da aka ba ta wani tsibiri ne can ƙasan Kalaba, inda kogi ke shiga ruwan gishiri. Ta ɗauko hoton wasu shekaru da suka wuce ta gwada da na bara, sai ta ga gefen gabas na tsibirin, wanda a tsohon hoto ƙasa ne shimfiɗe, a sabon ya koma ruwa. Ta rubuta cewa teku tana cinye tsibirin. A kan wannan magana ta gina littafinta gaba ɗaya. Malamanta suka yaba, suka ce saura abu guda: ta je ta taka wuraren da ƙafarta, ta ɗauko shaida cewa abin da kwamfuta ta faɗa shi ne a ƙasa. In ya dace za ta kare aikinta a wannan zango ta fita tare da 'yan ajinsu. In bai dace ba sai baɗi. Ubanta ya ce ba ta zuwa ita kaɗai, shi kuma ba a ba shi hutu a ofis ba. Aka duba dangi kaf, aka rasa wanda ba shi da aikin yi sai ni. Haka na zama muharrami, a nawa lissafin kuma mataimakin farfesa.

Napep ya fitar da mu ta Ƙofar Doka zuwa tasha. Motar Makurɗi ta cika da wuri, aka ba ni gaba saboda furfura, jikata tana baya rungume da jakar kwamfuta kamar mai goyon ciki. Daga Kaduna muka karkata muka bi ta Kachiya da Kafanchan. Hanyar wani wuri sumul, wani wuri kuma direba sai ya rage gudu ya zaɓi ramin da ya fi tausayi. A Akwanga muka tsaya muka ci shinkafa da wake. Na lura tun daga nan itatuwa sun fara matsowa kusa da juna, ɗorawa tana raguwa, kwakwar manja tana leƙowa. Jikata ta miƙo min wayarta ta nuna min hanyar da muke kai daga sama, ga ɗigon da ke tafiya wai mu ne. Na ce to a gaya wa ɗigon ya sassauta, tsoho ne a ciki.

Muka tsallaka gadar Binuwai da yamma muka kwana a Makurɗi. Washegari muka bi ta Gboko, inda lemu ke zube a bakin titi kamar ba mai shi. Kuɗin da za ka sayi doya uku a kasuwar birni a nan sai an taya ka ɗauka. Albasa kuwa akasin haka, 'yan ƙanana guda huɗu aka jera a faranti ana kiran kuɗin da a gida za ka cika kwano da shi. Na tsaya na gaishe su, don na san daga wajenmu suka zo kuma sun sha hanya. Daga Ogoja zuwa Ikom daji ya rufe mu ta kowane gefe, ga ayaba, ga koko, ga goro ɗanye mai arha. A nan ne na fara yafe wa ɗana da ya turo ni.

A Kalaba muka sauka a unguwar Hausawa, wurin wani Alhaji mai fataucin busasshen kifi da jatan lande, wanda ubansa mutumin Tudun Wadar Zariya ne. Gari ne mai tsabta da tudu da gangare, sama kuma kullum a lulluɓe. Jikata ta ce wannan gajimare shi ne babban abokin gabarta. Tauraron ba ya gani ta cikinsa, saboda haka a shekara guda hotunan tsibirin da za ka samu garau ba su wuce ka ƙirga da yatsu ba. Ta ce ta yi taka-tsantsan, hotunanta biyu duka na rani ne, kamar yadda malaminta ya ja mata kunne, don kada ta gwada ruwan damina da na rani. Na jinjina kai. Ni ma ina da 'yar fadama a bakin kogin Galma, na san wannan karatu: ruwa na zuwa da damina, ya tafi da rani, sau ɗaya a shekara.

Alhajin ne ya haɗa mu da mai jirgi, wani dattijo masunci, gajere mai faɗin kafaɗa, wanda ya koyi Hausa a wurin cinikin kifi. Da safe muka ci ƙosai da koko muka gangara bakin ruwa. Aka ɗaura min rigar kariya mai ruwan lemu a kan babbar rigata, na zama kamar kabewa da hula. Jikata ta ɗauki hoto ta ce za ta aika gida. Na ce in ta aika na sake ta saki uku, ta nemi wani mijin. Ta ce, "Tsoho, ai ni na daɗe da neman takardata, kai ne ka ƙi rubutawa don ba ka iya ba." Mai jirgi ya dube mu ya dubi Alhaji, sai da aka yi masa bayanin wasan kaka da jika kafin ya ta da inji.

Abin da na gani a wannan ruwa ban taɓa ganin irinsa ba. Itatuwa ne tsaye a kan saiwoyinsu kamar masu tattare wando za su tsallaka rafi, dubbai, a cikin ruwan gishiri, kuma kore shar. A tsakaninsu akwai wani mai kama da kaba wanda ba shi da gangar jiki, ganyensa daga ruwa yake fitowa. Ni duk kore nake gani. Jikata kuwa tana duba taswirarta tana cewa nan gaba kaɗan masu saiwa za su ƙare, mai kama da kaba zai fara, kuma muna shan kwana sai ga shi. Sau biyar tana faɗa yana fitowa daidai. Yarinyar da na yi wa huɗuba da bakina, tana zaune a Gyallesu ta san abin da ke bayan kwanar da ba ta taɓa gani ba. Mai jirgi ya ce, "Baba, wannan yarinya ta taɓa zuwa nan?" Na ce a'a, jini ne, a wurina ta gada.

Da hantsi ya ɗaga muka iso gefen gabas, wurin da littafin ya ce teku ta cinye. Jirgi ya ƙi ƙarasawa, cikinsa ya dafe a ƙasa. A gabanmu fili ne shimfiɗe, taɓo da yashi, ya fi filin idi faɗi nesa ba kusa ba. Mata sun fi ashirin a kai, sun duƙa da kwanduna suna tsintar ƙananan dodon koɗi, ƙaguwa na gudu ta ko'ina. Jikata ta fito da 'yar na'urar da ke nuna mata daidai inda ta tsaya, muka tuɓe takalma muka shiga. Wuri na farko, taswira ta ce ruwa, mu kuwa muna tsaye a kan ƙasa. Na biyu haka. Na bakwai haka. Ta kashe na'urar ta kunna, ta sake mata batir, ta ɗaga ta sama kamar mai neman sabis. Na ga wasa ya fita daga fuskarta. Na dai lura da wani abu game da 'yan boko: in abu ya rikice, na'ura suke fara tambaya, ga mutum tsaye kusa da su wanda aka haifa a wurin.

Azahar ta yi. Na hau can sama inda yashi ya bushe, na duba gabas, na kafa sandata, na yi raka'a biyu na matafiyi. Na bar sandar a kafe don kada in sake wahalar neman alƙibla. Muka shiga ƙauyen, gidajen katako a kan dogayen ƙafafu, ko'ina ƙamshin kifin da ake banda. Matar mai jirgi tana da 'yar'uwa a nan, ta gasa mana kifi da ayaba, ta zuba manja da barkono. Na ci na manta da hawan jini. Jikata ta taɓa kaɗan ta ture, ta buɗe kwamfuta a kan gwiwa tana bin lissafinta layi-layi tana neman inda ta ɓata.

Da la'asar na koma wurin sandata. Babu masallacina. Babu filin, babu matan, babu sawunmu. Ruwa ne malale har gindin itatuwa, kan sandata kaɗai ke leƙowa, wani farin tsuntsu yana shawagi a kusa da ita. Na tsaya na yi tasbihi, sannan na koma na kira ta. Na ce, "Uwargida, zo ki ga, tekunki ta cinye tsibirin. Littafinki ya yi gaskiya, sai dai da yamma."

Ta zo ta tsaya. Ta dubi kan sandar a cikin ruwa. Sannan ta zauna a kan wani kifaffen kwalekwale ta ce ta san wannan, an koya musu tun a aji ɗaya, teku na cika tana janyewa sau biyu a yini, ta ma amsa shi a jarrabawa ta ci. Amma da ta zo zaɓen hoto sai ta duba watan Turawa, ta duba shekara, ta duba gajimare, ba ta tuna da wannan ba. Malaminta ma bai tuna ba. Na ce ina laifinku, daga ke har shi ruwan da kuka sani rafin Kubanni ne, shi kuwa in ya tafi sai wata shekara.

Sai yanzu ta juya ta tambayi mai jirgi. Ya ce ai kullum haka yake, amma ba kullum yake kaiwa nan ba, wata yake bi. In wata ya tsaya sabo, ko ya cika, da hantsi ruwa na janyewa can nesa, shi ne mata ke samun tsinta sosai. In wata ya yi rabi, da hantsi filin a rufe yake. Da na ji an ambaci wata sai na gyara zama, don an shigo fannina. Shekara hamsin ina cikin masu hawa ganuwa duban wata. Na ce mata, hotunan nan naki biyu, ran nawa ga wata aka ɗauke su, watanmu na Musulunci nake nufi. Ta duba kwanakin ta juya su a waya. Tsohon hoton sha biyar ga wata. Sabon takwas ga wata. Mai jirgi ya yi dariya har da dafa gwiwa, ya ce na farko an ɗauka ruwa ya tafi, na biyu ruwa yana gida.

To a nan zan faɗi laifina, tunda na yi alkawarin ba ku labari yadda yake. Na dubi yarinyar nan, shekara biyu tana ƙona idonta, na tuna ƙawayenta har sun yi ankon bikin gamawa. Na ce mata a hankali, ga ruwa ya cika, ga jirgi, mu zagaya yanzu ki ɗauki hotunan wurarenki duka suna ruwa, wa zai sani a Zariya. Na yi maganar da muryar wasa don in samu hanyar gudu, amma har ga Allah rabinta da gaske nake.

Ta ce, "Tsoho, matan nan da muka gani da safe a nan suke cin abinci. In na rubuta wurin ya zama teku, duk wanda ya ɗauki taswirata gobe zai ce babu kowa a nan, babu abin da za a kare. Na nutsar da su a takarda ke nan." Sannan ta ƙara da cewa, "Kuma kai za ka sani. Bakinka kuwa ba ya riƙe magana."

Wannan na ƙarshen ƙazafi ne, ko da yake ga shi kuna karantawa.

Ta hau wani tudu inda ake samun sabis ta kira malaminta. Ina jin ta daga nesa, Turanci da Hausa a cakuɗe, ba ta kare kanta ba, ba ta kuma ce laifinsa ne ba. Da ta sauko ta ce ya yi salati, ya ce shi ma abin ya wuce shi, sannan ya gaya mata gaskiya: babi uku za su tashi, kuma ba za ta samu zaman wannan zango ba. Ta share ido da gefen mayafi sau ɗaya, ta tambayi mai jirgi ƙarfe nawa ruwa zai janye gobe.

Kwana biyun da suka rage su ne na ga aiki. Kowane wuri sau biyu take zuwa, da hantsi da kuma la'asar, ta rubuta lokaci, ta rubuta kwanan wata, ta kafa sanda ta auna inda ruwa ya kai. Ta zauna da matan nan, mai jirgi yana tafinta, suna nuna mata inda iyayensu ke tsinta da inda suke tsinta yanzu. A da launi huɗu ne a taswirarta, sai ta buɗe na biyar, na ƙasar da ke zama ruwa ta koma ƙasa. Ta ce ba ta san sunan da za ta ba shi da Hausa ba. Na ce fadama ce, sai dai tasu tana yin damina biyu da rani biyu kafin gari ya sake wayewa. Ni aikina riƙe lema da kiran kwanan wata, kuma ban yi kuskure ko sau ɗaya ba. Wata tsohuwa a cikinsu ta ba ni dodon koɗi cike da leda kyauta. Na karɓa da hannu biyu na gode, na ba Alhajin masaukinmu, don jarumtata tana da iyaka.

Dawowa muka biyo hanyar da muka je, da buhun goro, da jatan lande na tsofaffin gida, da doya daga Gboko wadda direba ya yi ta ƙunƙuni a kanta har Lafiya. Da muka wuce Kaduna ƙasa ta buɗe, ido ya samu wurin zuwa, na hango dutsen Kufena sannan kawunan rimayen birni, na ji numfashina ya koma daidai. Na sauke ta a Gyallesu na gaya wa ubanta da bakina cewa 'yarsa ba za ta fita bana ba, kuma in ya yi mata faɗa ni da shi ne. Ya buɗe baki, na tuna masa sau nawa ya maimaita aji uku. Ya rufe.

Abin da tafiyar nan ta koya min ba shi da yawa, amma ya ishe ni. Tauraron nan abin mamaki ne, yana ganin abin da ke bayan kwana, yana rarrabe kore da kore, kuma bai yi mata ƙarya ba. Abin da ya gani a lokacin da ya wuce shi ya faɗa. Sauran yinin yana wurin wanda ke zaune a ƙasa, sai ka je ka gaishe shi ka tambaya.

Ranar da 'yan ajinsu suka kare nasu aikin suna ta ɗora hotuna, ita tana zaurena da kwamfuta, ta baje kalandata a kan tabarma, muna tace hotunan shekaru ɗaya bayan ɗaya, muna ware waɗanda aka ɗauka a kwanan wata iri guda. Da muka gaji na ce ta karanta min yadda sabon littafin ya fara, ta fassara min. Ta ce ya fara da cewa har yanzu ba a san ko tsibirin yana raguwa ba, wannan aiki zai nuna yadda za a bi a sani.

Na haura saba'in a birnin nan da malamai suka fi rimi yawa. Na sha zama a gaban masu ilimi, na ji an ce Allah ne masani, amma sai bayan an yi awa guda ana bayani. Ita a layin farko ta sa nata. Na tashi na shiga cikin gida na ce a yanka zakaran nan da nake ajiye wa bikin gamawarta, yau za a ci shi.